Kada ki ba da injin taliyar Inna

Yaya Zuwaira,

Na tafi da Inna asibiti wajen gashin hannunta, mai keke na jiranmu a waje.

Bayan kin fita zuwa kasuwar Ogbete, ta ce in ɗauko mata injin taliyarta. Kin san tun da hannunta na dama ya shanye ba ta ƙara taɓa shi ba. Na ɗaure mata shi a bakin benci, na kwaɓa fulawa. Ta kama hannun injin, ya ƙi juyawa. Da ta sake gwadawa sai kwaɓin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Barira, goge wa injin nan haƙora, ki shafa mai, ki kai wa maƙwabciyarmu Maman Chidi. Da ma ta daɗe tana so.” Na ce to. Ita ba ta yi kuka ba, ni ce na zagaya bayan ɗaki na yi.

Don Allah ko Maman Chidi ta aiko, kada ki bayar. Gobe zan zaunar da Inna tana saka kwaɓin da hagu, ni ina murzawa. Idan Yaya Falalu ya dawo daga kwata, ki sa ya kwance igiyar shanyar taliya ya ɗaura ta ƙasa-ƙasa, daidai mai zama a kujera. Likita ya faɗa mini a gefe, hannun ba zai dawo ba. Inna ba ta sani ba tukuna.

Ƙanwarki,
Barira