Sarkin da Ya Ce wa Teku Ya Tsaya

Zuwa ga ɗana na fari, daga unguwar Mansur a Makka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Wannan rubutun hannuna ne, ka yi haƙuri da karkacewarsa. Shekara biyu ke nan maƙwabciyarmu Malama Hajara tana koya mini ajami in na sauke kaskon waina.

Takardarka ta ƙarshe, wadda ka aiko kafin yaƙin Turawa ya rufe hanyar ruwa, yanzu da kaina nake karanta ta. Har ta fara yagewa a wajen ninki. Ka ce Turawan ƙasar Danmak masu jirgin ruwan da kake zuba wa kwal sun ba ka labarin wani sarkinsu na zamanin da, wanda ya ci Ingila da yaƙi tun yana saurayi, ya haɗa ƙasa uku a hannunsa. Fadawa suka dame shi da zuga, sai ya sa aka kai kujerarsa bakin teku, ya ce wa ruwa ya tsaya. Ruwa ya zo ya jiƙa masa ƙafa. Ya ce su shaida mulki na Allah ne, ya cire hular sarauta, bai ƙara sa ta ba.

Don in yi dariya ka rubuto. Ban yi ba. Shi dai ya buɗe baki ya yi magana.

Ranar da za ka tafi Jidda ka durƙusa a bakin ƙofa kana jira, ni kuwa ina ta juya waina. Ɗan fari ba a kallonsa, ba a kiran sunansa, haka na taho da abin daga Kano. Na ce, "Ku ce wa yaron nan ya ɗauki guzurinsa." Matan Larabawan unguwarmu suna rungumar 'ya'yansu a gaban mutane, na ɗauka rashin kunya ne.

Da na ce kada ka tafi, wataƙila da ka tafi duk da haka, kamar ruwan nan. Amma da ka ji.

Duk shekara ina tare alhazan da suka zo ta jirgi ina tambayarka. Su ce, "Hajiya, yaya sunansa?" Ƙanwarka ke faɗa musu. Ba wanda ya gan ka. Takardar nan ma ban san inda zan aika ta ba.

Allah mai teku da tudu ya tsare ka, ya dawo mini da kai ina da rai. In kuwa ruwa ya riga ya tafi da kai, Allah ya haɗa mu inda ba rabuwa.

Sulaimanu. Ga shi na rubuta. Sulaimanu, ka dawo.

Mahaifiyarka.