Durƙuson Ummulhairi

Kudan, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Badi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Takarda na rubuto saboda ɗakin nan ba ya rabuwa da 'yan dubiya, ba damar in buɗe baki a waya.

Tun da aka sallamo ni daga asibiti a Zariya ban huta ba. Kin dai ga aikin da aka yi wa idon sawun nan, ƙarfe da kusoshi sai ka ce ƙofa ake gyarawa, kuma a gabanki likita ya ce kada in kuskura in taka, in riƙa ɗora ƙafar a kan filo. To Yaya, a gidan surukai wa ke ɗora ƙafa a filo? Baba, mahaifin maigidan, kullum da safe in ya fito masallaci sai ya shigo duba ni. Ina jin sallamarsa nake sulalowa daga gado in durƙusa. Yakan ce in yi zamana, amma ai kowane babba haka yake cewa. Rannan na gwada yin zaman nawa lokacin da ƙanwarsa Gwaggo Mukarrama ta zo daga Makarfi. Kafin la'asar magana ta zagaye gida, wai 'yar Ikara ta samu dalilin miƙe wa manya ƙafa.

Yanzu ɗinkin ya buɗe ta gefe yana zubar da ruwa, ƙafar ta yi suntum, ga zazzaɓi. Wallahi na gaji. Na tsani santsin bakin rijiyar da ya kayar da ni, na tsani sandunan nan, har lemon da ake kawo mini na tsana. Kada ki gaya wa Inna.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Ummulhairi

Ikara, ranar Alhamis

Ummulhairi,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ko in ce lafiya lau muke kafin takardarki ta iso.

Ke wai kanki ɗaya kuwa? An tsaga ƙafa an ɗaure ƙashi da ƙarfe, ke kuma kina naɗe ta safe da yamma kamar tabarma. Gwaggo Mukarrama ce za ta ara miki tata in wannan ta lalace? Tun kina ƙarama haka kike, a taka ki, ke ki ba da haƙuri. Raina ya ɓaci har na ƙona miya.

Na kira likitan na karanta masa abin da kika rubuto. Ya ce a kai ki gobe-goben nan. Ya ce in ciwon ya ci ya kai ƙashi kusoshin za su saki, daga nan sai dai a cire ƙarfen a manne gaɓar gaba ɗaya, idon sawun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba har abada. Ki sake karanta wannan a nutse.

Inna kuwa na gaya mata, sai ki yi fushinki. Ga wata takarda nan ki ba mijinki Mu'awiyya, tunda in na kira shi ba abin da nake samu sai "to, to".

Allah ya ba ki lafiya, ya ƙara miki wayo.
Yayarki, Badi'a

Kudan, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ki da iyali baki ɗaya, na samu saƙonki kuma na fahimta.

Na kai ta Zariya. An wanke ciwon, an rubuta allurai, mun dawo gida da gargaɗi mai ƙarfi.

Game da cewa in hana mahaifina Malam Datti shiga duba ta, ina roƙon ki duba lamarin da idon basira. Ɗa ba ya tsayar da mahaifinsa a ƙofar ɗaki. Baba ladar dubiya yake nema, kuma yana ji da ita kamar 'yar cikinsa. Ban sanar da shi maganar likita ba saboda hawan jininsa. Mayar da ita Ikara kuma, mutane za su ce mun kasa jinya. Na dai shawarce ta ta riƙa durƙusawa da ƙafa ɗaya kafin Allah ya kawo sauƙi.

A gaida Inna. Wassalam.
Mu'awiyya Datti

Ikara, ranar Juma'a

Mu'awiyya,

Salamu alaikum, da fatan kana lafiya, tunda kai ƙafafunka biyu cif.

Da ƙafa ɗaya? Shamuwa ka aura? Na karanta takardarka har na rasa dariya zan yi ko kuka. Kai kana jin nauyin Baba, ita tana jin nauyin Baba, dattijo na ta shigowa da zuciya ɗaya ba wanda ya gaya masa abin da gaisuwarsa ke jawowa. Jiya Inna ta kira ta, ko magana ba ta iya yi sosai don zazzaɓi, amma an ce da safe sai da ta sauko ƙasa.

Gobe ina nan tafe a motar farko. Ni zan durƙusa wa Malam Datti da lafiyayyun ƙafafuna, in faɗa masa komai tiryan-tiryan. In rashin kunya ce a rubuta da sunana. Ka nemo mota, daga nan asibiti za mu wuce da ita.

Sai na iso.
Badi'a

Kudan, bayan Sallah

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida Inna.

Ciwon ya bushe. Likita ya ce nan gaba zan taka, amma gaɓar da aka manne a aiki na biyu ta mannu ke nan, kamar yadda ya faɗa.

Tun ranar da kika yi wa Baba magana bai ƙara shigowa ba, sai yau da safe. Ya yi sallama, ya jingine sandarsa, ya dafa bango ya zauna a ƙasa, daɓe tsura, da waɗannan gwiwoyin nasa. Ni ina kan gado, ƙafata a miƙe tana kallonsa. Sai ya ce, "'Yata, da gaske nake yi in na ce ki zauna. Ki yafe mini."

Yaya, na yunƙura in sauko. Ƙafar ta ƙi.

Ƙanwarki, Ummulhairi