Damman Geron Malam Gwadabe

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

"Adawiyya, kawar da damman geron nan, suna ɓata hoton." Mudassir ke nan, shugaban ƙungiyarmu ta agaji, yana ba ni umarni ta waya daga zaure. Matar gidan, Hajo, na takaba, baƙon namiji ba ya shiga, sai aka tura ni da kyamara. Digirina ya yi rana: yau a ƙauyen Balan na yi dakon gero zuwa bayan ɗaki.

Geron na wan mijinta ne, Malam Gwadabe. Shi ke ciyar da ita da 'ya'yanta uku tun rasuwar. Ta tambaye ni, "Su wa za su gani, 'yar nan?" Na ce mutanen nesa, masu taimako. Haka aka gaya min, ni kuma ban tambaya ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Bidiyon ya hau Fesbuk, an sa masa kiɗan tausayi da wurin latsawa a ba da gudummawa. A ƙasa Mudassir ya rubuta: "Ba ta da kowa, sai Allah sai ku." Mutanen Abuja na ta aiko da fuskokin kuka. Shi kuwa duk ƙarar da wayarsa ta yi sai ya ce masha Allah.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ashe a Balan ma akwai waya. Babu wanda wannan ya faɗo wa a rai a ofishinmu mai kwamfuta.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na koma Balan. Malam Gwadabe bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Malama, ni ne ba kowan ba?" A kasuwar Gaya aka tare shi, wai ya bar matar ƙaninsa tana bara a waya. Dangi sun zauna: tunda ta ce ba ta da kowa, tana fita takaba ta koma gidan ubanta a Ajingi, yaran su tsaya. Na ce ba ita ta faɗa ba, rubutawa aka yi. Ya ce, "To, mai rubutun ya goge, ya faɗi gaskiya inda ya faɗi ƙarya."

Hajo ko kallona ba ta yi ba. "Ke kika ɗauke geron da hannunki." Shi ke nan.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na ce wa Mudassir a goge bidiyon. Ya ce: "Haba Hajiya, bidiyon da ya fi kowanne tafiya? Kwana kaɗan sun manta. Ai don ita muke yi." Don ita. Na tambaye shi sunan 'ya'yanta. Ya shiga duba waya.

Talata, 14 ga Oktoba

A hannuna lambar sirrin shafin take. Na goge. Na rubuta cewa Hajo na da dangi, wan mijinta ke riƙe da gidan, mu muka ɓoye abincinsa. Na kira Malam Gwadabe na karanta masa. Ya ce, "Zo ki karanta wa sauran dangi." Bai ce Hajo ta zauna ba, bai kuma sake ambatar Ajingi ba.

Zan tafi Balan ɗin, ba wai don tausayi ba ne. Hadari ya haɗu, damman kuma har yanzu suna bayan ɗaki inda na jibge su.

Mudassir na ta "Kin san abin da kika yi kuwa?" Na ajiye masa kyamararsa, na ɗau jakata, na ja ƙofar ofis a hankali har ta rufu.