Wayar da ta tsinke a bakin but

Litinin, 3 ga Maris

Makullin motata yana jakar 'yata. Ta karɓe shi da safe, bayan na yi baya na daki ginshiƙin ƙofar gida. Fitila ɗaya ta fashe, ba wanda ya ji rauni. Na gaya mata allon kyamarar baya ne ya yi baƙi ƙirin da na sa ribas, wuyana kuma ta san ba ya juyawa. Ta buɗe but ɗin bayan motar ta duba ɓarnar, ta rufe, ta shiga ta sa ribas. Hoto ya fito tar. Ta fito ta jefa makullin a jakarta. Da ma faɗa ta yi.

Sunan mahaifiyata na sa mata, Uwata nake ce mata. Ta gaje ta har da hukuncin.

Laraba, 5 ga Maris

Sau uku ta gwada, sau uku ya yi aiki. Na jiyo ta a waya da ƙaninta: "Ba motar ba ce fa, Baba ne."

Shekara talatin ina tace labarai, ban taɓa sakin labari da shaida ɗaya ba. Yau ni ne shaida ɗayan. Har na fara tambayar kaina ko allon ya ɗauke da gaske.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban fita ba. Ba inda za ni da ƙafa.

Juma'a, 7 ga Maris

Na zauna na jera ranakun da ya ɗauke mini. Huɗu ne. Ranar buhun shinkafa, ranar tayar safaya, ranar tsofaffin jaridu, sai Litinin da na sa jarkokin ruwa. Duka bayan na rufe but. Na nuna wa Uwata takardar. Ta karanta sau biyu, ta ce gobe za ta kai ni wurin mai wayarin, mai gyaran wayoyin mota, "don hankalinka ya kwanta." Nawa ko nata, ban tambaya ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mai wayarin bai ko kalli kyamarar ba. Ya ɗaga murfin but, ya zare robar da wayoyi ke bi a wurin lanƙwasa. Ga wata siririya, bawonta ya tsage, sili biyu kaɗai ke riƙe da ita. Ya ce Uwata ta taka burki ta sa ribas, yana motsa murfin. Hoto ya zo, ya ɗauke, ya zo. Na ji ta ce "Innalillahi" daga ciki.

Ya ce in rufe but ɗin da kaina ya gani. Na rufe.

"Alhaji, but ɗin nan zaginka ya yi?"

Ita a hankali take rufewa, waya ta zauna daidai. Ni nake bugawa, ta rabu. Ya yanke wurin, ya ƙara sabuwa da ɗan tsawo, ya haɗa da dalma, ya naɗe da salatif. Minti ashirin.

A hanya ta ce, "Baba, ka yafe ni." Na ce hujja ta bi, ni na koya mata. Ta sa mini makullin a hannu a ƙofar gida. Na ci tuwo malmala biyu... a'a, abin da na ci ba labari ba ne. Na dai ci da yawa.

Lahadi, 9 ga Maris

Ashe hankalina ƙalau. Alhamdulillahi.

Talata, 11 ga Maris

Na kai kaina kantin magani na dawo. Allo bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Sai dai jan layin da ke ƙasan hoton, biyu nake ganinsa in na rufe idon dama. Na goge allon, na goge tabarau. Biyu.

Na kira asibitin ido. Na roƙi Uwata ta tuƙa ni, na ce mata wurin ajiye mota ne ke wahala a can. Ta ce to.

Jibi ƙarfe goma za a auna.