Ni Na Yi Karatun Kirsimeti Bana

Goggo,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya mutanen Dapaong?

Kin san a gidanmu ba a buɗe tukunyar Kirsimeti sai Baba ya karanta labarin haihuwar Almasihu. Bana idonsa ya gaza. Yaya Bulus ya ce a bar karatun, shinkafa na hucewa. Mama ta dafe murfin ta ce, "Ta huce ɗin!"

Sai Baba ya miƙo mini Littafin ya ce, "Mai digiri, ga gadonki." Na fara karantawa, na yi tuntuɓe sau ɗaya a sunan gwamnan nan da ke cikin labarin, amma na kai ƙarshe. Baba ya fi kowa ɗaga murya wajen Amin.

Ki sa idonsa cikin addu'a. Duk Sokode na gaishe ku.

'Yarki,
Rifkatu