Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Hannun Baba

Talata, bayan isha'i, Unguwar Dosa

Yau na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Sati uku ke nan ina kai Baba asibiti gashin hannu. Ana ɗaura hannunsa da ya shanye a jikin wani robot, mai taya mara lafiya ɗagawa yana kuma auna ƙarfinsa. Ni kuwa da Sista ta juya baya, sai in sa yatsu biyu a ƙarƙashin gwiwar hannunsa in ɗan tura. Maki ya hau a allo, Baba ya yi murmushi, mu dawo gida yana ba Inna labari. A ganina wa na cuta? Ƙarfe ne fa.

Ashe ƙarfen yarda yake yi da abin da aka nuna masa. Ya ɗauka Baba ya samu ƙarfi, sai ya rage taimakon. Yau Sista ta tsaya a kanmu, ban samu sarari ba. Baba ya yi ta yunƙuri har gumi ya jiƙa hularsa, hannu ko motsi. Ya dube ni ya ce, "Sani, ashe baya nake komawa?"

Ni da nake sayar wa mutum takalmin da ya matse shi ya tafi yana godiya, yau sai na sulale na fita.

A waje na faɗa wa Sista gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Malam Sani, sai mu koma farko. Sati ukun Baba ka ci."

Baba ne ban iya faɗa wa ba. Ga shi yanzu ina jiyo shi ta bango yana ce wa Inna a bar zuwa asibitin nan haka, ya daina wahalar da yaron kirki.

Dole in shiga ɗakinsa kafin ya kwanta.