Bakin Karyayyar Adda

Zongon Kumasi, Rajab

Zuwa ga mahaifina, Baba Seini maƙeri, a Salaga. Gaisuwa da ban girma.

Baba, na kasa zama wuri ɗaya. Addunan da na ƙera wa manoman koko da ƙarfen jirgin ƙasa sai karyewa suke. Ta Rafi'u maƙwabcina ta karye yana saran itace, guntun ya ci masa idon hagu. Sarkin Zongo ya ce bayan Sallah in gwada sabuwa a gaban jama'a, in ta karye a rufe maƙerata. Mutane na cewa sammu aka yi mini, ni ma na fara yarda. Ga guntun nan na ba madugun ayarin goro ya kawo maka. Don Allah kada amsa ta daɗe.

Ɗanka Idirisu.

Salaga, Sha'aban

Idirisu, Allah ya yi maka albarka.

Sammun me? Kai! Na duba bakin karayar a rana. Ƙwayoyin cikinsa manya ne, suna walƙiya kamar gishirin Daboya. Ƙarfe mai kyau in ya karye, cikinsa lukui yake kamar gari, ƙwayoyin sun riƙe juna. Ka zuga wuta har ya yi fari, ka tsoma a ruwan sanyi, ko na yi ƙarya? Tun kana yaro ba ka da haƙuri. Ƙarfen jirgi ba irin namu na tama ba ne mai jure wulaƙanci. Gasa shi ya yi ja kawai, ya huce a iska, sau uku. A na huɗu ka tsoma a man kaɗe, ka ɗan mayar kan garwashi har ya yi launin busasshen kara. Karya ɗaya ka gani da idonka. Ka gaida Rafi'u da jiki.

Mahaifinka.

Zongon Kumasi, Shawwal

Baba, barka da Sallah.

Addar ta sare icen odum mai tsananin tauri, ko gezau. Jama'a suka ɗau kabbara, wai an karya sammu. Da na yi shiru, da shi ke nan. Wallahi na kasa. Na karya wata sabuwa, na jera bakinta da tsohon guntu a gaban Sarki, na faɗi abin da na yi.

An bar mini maƙera. Rafi'u ya kai guntayen kusa da idon da ya rage masa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Idirisu, jiran ƙarfen da ka kasa yi, tsawonsa nawa ne?"

Na ce, "Bai kai tsakanin azahar da la'asar ba."

Tun ranar bai amsa gaisuwata ba. A yi mini addu'a.

Idirisu.